Karan Dawa Da Na Auna 'Ya'yan Mutane Da Shi

Ni mutumin Saliyo ne, kuma Kirista. Aikin reluwe ne ya kawo mahaifina Nguru, ni kuwa na biyo shi da takardar shaidar koyarwa da Hausar da na koya a littafi. 'Yan shekaru bayan yaƙin duniya na biyu aka tura ni Gashuwa in koyar a wata makarantar elementare. A lokacin saurayi ne ni mai ji da kansa, wanda bai taɓa makara ba, bai kuma taɓa barin rajista da gurbi ba. Na ɗauka duk wanda ya riƙe gaskiya ba ya bukatar tambayar kowa hanya.

Da farko zaman ya yi daɗi. Iyayen yara, Badawa masunta da manoma, sukan aiko mini da busasshen kifi. Wata dattijuwa maƙwabciyata takan kawo mini kunu kowace safiya, tana yi mini tsiya wai namijin da ke cin tuwo da cokali wace 'ya za a ba shi. Abin da ya dame ni kawai shi ne idan yara suka koma Badanci suna dariya, sai in yi zargin da ni suke.

Da muka zo darasin awo, ma'auni ɗaya tak ke makarantar. Sai na sa aka kawo karan dawa, na riƙa kwantar da kowane yaro a tabarma, in yanke kara daidai tsawonsa daga kai zuwa dunduniya, in rubuta sunansa a jiki. Na ɗaure su dami guda na jingine a kusurwar aji, don bayan damina kowa ya ga yadda ya girma. Abokin aikina, wani malami ɗan gari, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce da dai na bar karan nan ga masu shinge, domin ba kowane abu ake aunawa ba. Na ce masa tsarin karatu ya ce a auna. Ya juya ya tafi.

Daga nan yara suka soma raguwa a aji. Kunu ya daina zuwa. In na ratsa kasuwa sai mata su janye 'ya'yansu, masu hira su yi tsit. Duk wanda na tambaya sai ya ce lafiya lau. Na duba gabas da yamma ban ga laifina ba, sai na yanke cewa abokin aikina ne ke zuga gari don ya gaji kujerata. Cikin fushi na kai ƙararsa ga hukuma a rubuce.

Da bazara ta tsananta sanƙarau ya shigo gari. Wata safiya ina tsakiyar darasi, wani masunci daga wajen Katuzu, uban ɗaya daga cikin yarana, ya yi sallama da mutane a bayansa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, yaronka ya cika da asuba. Ba ni karansa. Tunda ka riga mu aunawa, ba sai mun sake ba, masu haƙa suna jira."

Ban gane ba sai da abokin aikina ya raɗa mini cewa da kara ake auna mamaci, a kai wa masu haƙa kabari. Ashe tun farkon rani, a idon mutanen gari, baƙo ya kwantar da 'ya'yansu da rai ya auna musu kabari, ya ajiye a ɗaki yana jira. Na zaro karan na miƙa masa. Kafin azahar iyaye suka zo ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ɗauki na ɗansa ya karya a gabana. Da samari suka taru da sanduna, mutumin da na kai ƙara ne ya tare ƙofa, ya kuma saka ni a motar gyaɗa zuwa Nguru. Kafin mu tashi na tambaye shi dalilin da bai gaya mini a fili ba. Ya ce ba a ambaton kabari a kan yaro mai rai, shi kuwa ya faɗi iyakar abin da baki ya halatta ya faɗa.

Ƙarata ta riga ta yi aiki. Aka ɗauke shi daga garinsu aka jefa shi wani ƙauye mai nisa. Na rubuta na janye zargina, ba wanda ya amsa mini. Har yau ina jin zafin cewa gari guda ya zuba mini ido ba wanda ya buɗe baki, amma na san ni ma ban buɗe kunne ba.

Yanzu jikata za ta tafi ƙasar Koriya koyar da yara, shi ya sa na rubuto. Shawarata gare ta da duk mai shirin koyarwa a ƙasar da ba tasa ba: idan ɗan gari ya yi maka magana a kaikaice, ka ajiye alli ka bi shi ka tambaya. Idan aka daina gaishe ka, ka fara binciken hannunka kafin ka nemi maƙiyi. Ni nawa maƙiyin da na nemo, shi ya tsaya tsakanina da sanda.