Mai Zura wa Baba Ƙusa

A layin kafintoci ba wanda ke kiransa da sunan yanka. Baba Mai Juyi ake ce masa, saboda injin juya katako da yake aiki da shi tun gashinsa yana baƙi. Ƙafar gado, ƙafar tebur, sandunan matakalar bene, duk mai son abu mai kyau shagonsa yake nufa, wani tsukukun ɗaki mai taga ɗaya, garin katako har idon sawu.

Abin da ya fitar da shi daban shi ne tsagi. A goshin injin akwai faifan ƙarfe mai ƙananan huji jere a gefensa, da wata ƙusa da ake zurawa a ciki. In ya gama juya katako ya yi sumul, sai ya kashe injin, ya zura ƙusar, katakon ya tsaya cak. Ya ja layi da fensir daga kai zuwa gindi, ya zare ƙusar, ya tsallake huji biyu, ya sake zurawa. Haka har ya zagayo, layukan su fito tazara ɗaya, sannan ya bi su da cizal yana sassaƙa tsagin.

Aikin mutum ɗaya ne, amma su biyu suke yinsa. Tun tana amarya matarsa ke kawo masa abincin rana. Wata rana ta gaji da zaman jira ta ce, "Malam, wannan ƙusar dai ko ni zan iya zura ta."

"Bismillah. Amma in kika ɓata lissafi, ke za ki kwana a kan gadon."

Daga ranar ta samu wurin zama, bokiti kife a gefen injin. Ta juya faifan, ta zura ƙusa, ta ce, "Ja." Shi kuma ya ja layi. A tsakanin huji da huji suka yanke shawarar makarantar yara, suka ci naman makwabta, suka tace samarin 'yarsu. Ko sun kwana da faɗa sai ta zo, ta ce "Ja" tana kallon bango.

'Yar tasu ta yi aure a wata ƙasa mai nisa. Da ta haihu, ciwo ya kama ta, ƙafafu suka ƙi ɗaukarta. Uwar ta haɗa kaya a jaka ɗaya.

"Da ta miƙe zan juyo," ta ce masa a tasha. "Kar ka bari kowa ya hau min bokiti."

Yarinyar ba ta miƙe ba. Jaririn ya yi rarrafe, ya yi tafiya, har ya shiga makaranta, kaka ce ke kai shi. Baba ya nemi izinin shiga ƙasar aka hana shi, ya sake nema aka sake hanawa. Bai iya ce wa matarsa ta dawo ba, don ya san wanda za a bari a kwance.

Aikinsa bai lalace ba, layukan na nan daidai. Sai dai yakan zura ƙusa da kansa, ya riƙe fensir, ya tsaya yana jira, sai can ya tuna ba mai ce masa "Ja."

In matar ta kira shi a waya yakan jingina wayar jikin gwangwanin fenti, ta riƙa kallonsa yana aiki.

"Ka rame, Malam."

"Wayar ce ke ramar da mutum."

"Matso da ni in ga faifan. Tsatsa nake gani? Ashe ko mai ba ka sa masa."

Ya yi dariya har da tari. Jikan ya leƙo ya gaishe shi da wani harshe da Baba ba ya ji, sannan aka kira ta daga ɗakin mai jinya, hoton ya ɗauke.

Telan da ke makwabtaka da shi ya sha ba shi shawara ya ƙara aure, ko ya sayar da injin ya huta. Baba sai ya ce masa, "Ka kula da zarenka."

Yanzu gwiwa ta fara hana shi doguwar tsayuwa, rabin yini yake yi ya rufe. Amma ba ya wucewa gida. Yakan ja benci bakin titi ya zauna inda motar tasha ke sauke fasinja, yana karkaɗe garin katako daga gemunsa, yana duba matan da ke saukowa da jaka.