Mai Rawa da Iska

A bikin bakin kogi na New Orleans, Eulalie mai sayar da ƙanƙara ta kasa ɗauke ido daga wani ƙaton dattijo. Yana bayan rumfarta, nesa da dandalin da ake cashe rawar suwin, wadda mace da namiji ke yi riƙe da juna. Takalmansa sababbi fil, ya manna musu salatif a ƙasa don su yi santsi, yadda 'yan rawa ke yi. Sai dai a kan ciyawa yake, inda ba abin da ke zamewa. Leɓensa na ƙirga taku, hannunsa a miƙe ƙasa-ƙasa kamar ya riƙo wata gajeruwa. Tafin duk ya yi kanta, ƙila ma'aikacin jirgin ruwa ne. To, wa ya rasa?

"Baba, da iska ake rawar yau?" in ji Eulalie.

Ya murmusa yana haki. "Shekara da shekaru matata na roƙona in koya, 'yata. Da ta daina roƙon ne hankalina ya tashi."

Ya nuna dandali da haɓa. Wata gajeruwa mai rawayar riga na juyi a hannun wani, tana dariya.

"Ga ta can. Ba ta san na zo ba."