Maganar da Muka Yi a Gonar Albasa

Har na kai shekara hamsin ina da yaƙinin cewa magana iri biyu ce. Akwai wadda ake yi a bainar jama'a, mutum ya auna ta kafin ya furta, akwai kuma wadda yake yi da taubashinsa, wadda ba mai jin ta sai Allah. Na yi karatun jami'a, na san abin da tsarin mulki ya tanada game da 'yancin faɗin albarkacin baki da sirrin ɗan ƙasa, amma ba da wannan na dogara ba. Na dogara ne da ƙanƙantarmu. A ganina ba wanda zai ɓata lokacinsa ya saurari irinmu.

Taubashin nan ɗan kawuna ne, ni kuma ɗan gwaggonsa. Yana noman albasa da rani a ƙasan dam ɗin Goronyo, ni ina aikin gwamnati a Wurno. Tun muna yara bai taɓa gaishe ni ba. In ya hango ni sai ya ɗaga murya ya ce, "Ga bawana nan tahe, a ba shi takalmina shi riƙe." Ni kuma in tambaye shi ko har yanzu da jakinsa yake shawara. Mutum ɗaya ke nan a duniya da ban taɓa tauna magana a gabansa ba.

Wani rani, ana gab da zaɓe, na kai masa ziyara gona. Muka zauna da rana tsaka a inuwar wata darbejiya muna shan fura. Wayata tana aljihun rigata, tasa tana rataye a reshe cikin leda. Hira ta gangaro kan wani ɗan siyasar yankinmu da muka sha zaɓa, wanda yake sake neman ƙuri'a.

"Kai ɗan boko, bari in gaya ma," in ji shi. "Wanga mutum injin ban ruwa na haya ne. Shi zo da rani, shi cika mutane da ƙara, shi tsotse ruwa, a ɗauke shi a kai wata gona."

Na yi dariya har fura ta sarƙe ni. Mu biyu ne kawai. Albasa ba ta ɓoye ko zomo, kuma iya ganin ido babu kowa sai balbelu.

Bayan 'yan kwanaki aka yi mana rasuwa a Rabah, muka haɗu a zaman makoki. Da hantsi sai ga ɗan siyasar da tawagarsa. Aka yi addu'a, aka shafa, ya bi tabarma yana ba mutane hannu. Da ya iso kan taubashina, wanda bai taɓa sani ba, sai ya riƙe hannunsa da hannu biyu, ya sunkuya yana murmushi.

"Malam, ga injin haya ya iso," ya ce a hankali. "Amma yau ba ruwa niz zo tsotsa ba, gaisuwa ta kawo ni. Ina albasa? Allah shi sa ruwa na isa har gonarka."

"Amin, ranka shi daɗe," in ji taubashina.

Mutumin ya ba ni hannu, ya dube ni kamar wanda ya san ni, ya wuce. Babu wanda ya lura sai mu. Ban iya duban na kusa da ni ba.

Da za mu rabu a tasha, taubashina ya tsaya yana gyara hularsa.

"Kai da wa kay yi maganar ga?"

"Wallahi ban yi ta da kowa ba."

"To, na ji," ya ce, ya hau babur.

Na san abin da yake lissafawa, domin ni ma da ina matsayinsa shi zan lissafa. Ni ne mai albashin gwamnati, ni ne nake zama ofis da mutanen da suke zama da manya. Shi kuwa abincin gidansa yana rataye da ruwan da wani yake buɗewa, wani yake rufewa.

Na bincike kaina kamar mai neman allura a tabarma. Ko na faɗa wa matata? Ta ce ba ta taɓa ji ba. Ko na maimaita a ofis don a yi dariya, na manta? Ban tuna ba, kuma rashin tunawar ba hujja ba ce. Na tambayi wani masanin waya, ya ce ana iya sauraren mutum ta wayarsa ko tana aljihu, amma wai ba a yin irin wannan ɗawainiya a kan mai albasa. Wani kuma ya ce ƙila taubashin ne da kansa ya faɗa a kasuwa. Ina so in yarda da hakan, sai dai na ga fuskarsa a lokacin.

Ba a rufe masa ruwa ba, ba a kuma kira ni ko'ina ba. Da an yi ɗaya daga ciki, da na san da wa nake. Ranar zaɓe na shirya, na isa har bakin rumfa, na ga mutane a layi kowa da waya a hannu, na juyo gida. Daga baya na ji taubashina ko fita bai yi ba.

Har yanzu ina zuwa Goronyo. In na isa gonar, taubashina yakan ajiye fartanya, ya goge hannu a riga, ya ce, "Sannu da zuwa, Malam. Ina gajiya? Ina iyali?" Ni kuma in amsa masa da lafiya lau.