Tirelata Ta Wuce Ni a Gangaren Kabong

Jama'a, yau tirelata ta wuce ni a kan titi, ni ina baya ina kallon ta!

Kun san 'yar tirelar nan da nake ja da a-kori-kura. Makon jiya na kai ta wurin Oga Chidi mai walda a Anguwan Rukuba, ya ƙara mata ƙarfi don ta riƙa ɗaukar buhunan dankali har da injin ban-ruwa. Ya ƙara mata sifirin na ƙasa mai ɗaukar nauyi, ya sa manyan tayoyi. Na ce, "Ƙugiyar da ke haɗa ta da mota fa?" Ya ce, "Oga, bar ta, ƙarfen da ne."

Ina gangarowa Kabong da kaya maƙil, sai na ji ƙau! Mota ta yi sakayau. Kafin in waiga, tirela ta wuce ni a guje, ta nufi bencin wata dattijuwa mai gasa masara.

Ina ta hon, ina ihu! Ta murƙushe benci da murhu, ta afka kwata. Ashe dattijuwar ta tashi daga kan bencin ke nan don miƙa wa wani masara.

Na buga wa Chidi. Wai, "Sifirin ya karye?" Na ce a'a. Ya ce, "Ka gani? Aikina ya riƙe!" Wallahi kashe wayar na yi.

Dattijuwar ba ta zage ni ba. Bencin kawai ta kalla, ta ce, "Ɗana, a nan jikata take zama in an tashi makaranta."

Har yanzu maganar nan tana raina.