Jerin Jami'o'i da Shirun Inna

Shekarar da aka yanke mana jiha daga Sakkwato, aka tattaro mu ma'aikata 'yan wannan ɓangare aka ce kowa ya koma gida. Ni gidanmu Argungu, amma Birnin Kebbi aka kai ni. Ofis babu, kujera sai wanda ya yi sammako. Tebur ɗaya muke rabawa a gindin dogon yaro, muna gadin fayil kada iska ta kwashe. In an tashi kowa ya nufi iyalinsa, ni kuma in hau kabu-kabu zuwa wani ɗaki da na kama a Badariya, inda ba ni da abokin hira sai rediyo. Ban san kowa a unguwar ba, kuma girman kan mai sabon digiri bai bar ni na nemi sanin kowa ba.

Ana cikin haka wani malamin lissafi ɗan Indiya, da ke haɗa kayansa zai bar ƙasar, ya ba ni wasu shafuka da ya yago daga mujallun Turawa. Jerin jami'o'insu ne, daga ta ɗaya har ta kashin baya, kamar sakamakon jarrabawar 'yan firamare. Ya ce kada na saman jerin su ruɗe ni. In zama nake so, in duba ƙasar da ke barin ɗalibi ya yi aiki bayan ya gama, har ta ba shi takardar zama. Zama kuwa nake so. Ban gaya wa kowa ba, amma tafiyar da nake shiryawa ba ta dawowa ba ce.

Na sayi littafin rubutu na ja layuka. Nan matsayin jami'a, nan sauƙin biza, nan tsananin sanyi, nan ko akwai masallaci a garin. Abokan aikina suna gardamar wa za a ba gidan gwamnati, ni ina haddace sunayen garuruwan da ban ma iya furtawa ba, ina jin na fi su. A ƙarshe na tsallake manyan na zaɓi wata a tsakiyar jeri, a Kanada, don can ne aka ce ba a korar mutum in ya gama. Na rubuta musu, na yi watanni ina sintiri gidan waya. Suka amsa, har da tallafin karatu. Saura Inna.

Ni ne ɗanta na fari. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa magana kai tsaye, ba ta haɗa ido da shi. Kunya ce, haka ta tarar, haka ta riƙe har bayan rasuwar mahaifinmu. Duk Asabar nakan shiga motar Argungu, mu ratsa Ambursa ina kallon masu dashen shinkafa a fadama. In na isa na durƙusa a ƙofar ɗakinta na gaishe ta, sai ta juya wajen ƙanwata.

“Ki tambayi mutumen Birni ko ya ci abinci.”

Ko mece ce amsata, zan tarar da tuwon shinkafa a ɗakina, da tsokar kifin da ta fi kowace kauri. Takan ja tabarmarta zuwa inda za ta hango ni ta gefen ido, ta zauna tana tsintar wake har in gama ci. Idan na rame ta gani, miyar gobe za ta ƙara mai. Iyakar hirarmu ke nan tun ina yaro, kuma ban taɓa jin ta yi mini kaɗan ba.

Ranar da zan faɗa mata, na shimfiɗa takardun a tsakar gida, na ɗaga murya ina yi wa ƙanwata bayani, kowa ya san da wa nake. Na nuna jami'a ta ɗaya a jerin, na nuna wadda na zaɓa. So nake Inna ta ce kada in tafi. Da ta faɗa, da na yage takardun nan take, ko aƙalla haka nake gaya wa kaina har yau.

Inna ta ci gaba da tsintar wake. Can ta ce wa ƙanwata, “Ki ce mai, cikin makarantun ga da anka jera, wace ta aka komowa?”

Na ce duka ana dawowa. Ƙarya na yi, kuma na san ta gane.

“To, ki ce mai Allah shi ba da sa'a.”

Haushi ya turnuƙe ni. Ni da aka haifa cikin al'adar nan, sai ga ni ina fassara shirunta da rashin damuwa, don fassarar da ta dace da ni ke nan. Ƙanwata ta biyo ni zaure.

“Yaya, kai ma ka san ba ta iya hwaɗi. Mi kaka so ta yi?”

Na ce ai duniya ta ci gaba. Akwai wasiƙa, akwai kaset. Mutanenmu da ke Makka ba da kaset suke gaisawa da iyayensu ba? Ta dube ni kawai ta koma ciki. Na auna sanyi, na auna biza, amma ban tsaya na tambayi kaina yadda uwar da ba ta yi mini magana za ta same ni a inda ba ta ganina ba.

Ranar tafiya ba ta rako ni ba, da ma ba a yi. Na yi sallama daga ƙofar ɗaki, aka amsa mini ta bakin ƙanwata.

Sai da na yi wata bakwai a can kaset ya iso, ta hannun wani ɗalibi da ya je gida hutu. Na dawo daga aji da la'asar na saka shi, ko takalmi ban cire ba. Kawu ya yi nasiha mai tsawo. Maƙwabta suka gaisa ɗaya bayan ɗaya, kowa na ihu kamar nisan ne zai hana ni ji. Sai muryar ƙanwata: “Yaya, ga Inna.”

Na ji an ja rikodar a ƙasa an matsar da ita. Na ji kaza, na ji jakin maƙwabta, na ji wani numfashi kusa da abin magana. Na ƙure ƙarar kaset ɗin har ƙarshe. Kaset na ta juyawa, ni ina durƙushe a gabansa ban san lokacin da na durƙusa ba. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan zama ba. Shirun Inna ya daɗe sosai, fiye da nasihar Kawu.

Sai ƙanwata ta ce, “Yaya, ta ce ta ƙare.”