Zaren da Hajiya Shatu Ba Ta Taɓa Ƙonawa Ba

A unguwarsu a Daura, duk wanda ya gaji tsohuwar darduma ya rasa gane ko ta alharini ce, gidan Hajiya Shatu ake nuna masa. Tun tana da sauran ƙarfi take bin gidajen tsofaffin alhazai, daga Sandamu har Dutsi, tana karɓar dardumomin saƙar hannu da iyaye suka zo da su daga Makka, waɗanda 'ya'ya suka jefa bayan gado don sun sayi kafet mai sheƙi. Ta tara su a ɗakin ƙasa na ƙuryar gida, kowace a naɗe cikin farin zane da ganyen darbejiya saboda ƙwari.

In an kawo mata darduma, takan kifa ta ta duba ƙullin baya, ta shafa da tafin hannu. Amma hannu, in ji ta, ana iya ruɗinsa. Sai ta zare zare ɗaya daga geza, ta kyasta ashana. Alharini na gaske warin ƙonannen gashi yake yi. Na ƙarya kuwa warin takarda. Mutane da yawa sun shigo da fara'a sun fita suna share fuska, ita kuma ta bi su da goro har zaure.

Guda ɗaya ce ba ta taɓa kai wa wuta ba: wata koriya mai zanen fitila, wadda marigayi mijinta Alhaji Mainasara ya kawo mata tsaraba. Shi falken shanu ne ta hanyar Kongolam, ya kuma rantse mata cewa alharini ce zalla. Daga kanta Hajiya ta fara tarawa. Ko salla ba ta yi a kai, don kada goshi ya cinye ta.

Jikarta Zubaida ta dawo gida bayan ta gama jami'a, tana jiran aiki. Ita ke cikin ɗakin ƙasar tare da tsohuwar ran da aka wuni ana ruwa, bayan azahar bangon gabas ya fara zubar da ƙasa. Zubaida ta ja kakarta waje, ba su kai bakin rijiya ba rufin ya zauna. Har yanzu in hadari ya haɗo, sai Zubaida ta fita tsakar gida ta tsaya tana kallon bango.

Maƙwabta suka tono dardumomin. Yawancinsu zane ya kare su, amma koriyar ta sha laka, gezarta ta yage. Wankinta kuma ya danganta da abin da take: in alharini ce, ruwan sanyi kawai da inuwa, in auduga ce, sai sabulu, in ba haka ba lakar ta zauna har abada. Dole a sani.

Hajiya ta zauna a tabarma, mura ta toshe mata hanci tun ranar ruwan. Ta daɗe tana murza zaren da ya fita da kansa, sannan ta miƙa wa Zubaida.

"Ungo, 'yar boko. Hancina ya tafi hutu. Ki shaƙa ki gaya mini."

"Haba Hajiya, a bari ki warke mana."

"Laka za ta jira ni ne? Kyasta. Ai Alhaji mijinki ne, ke ce za ki tona masa asiri."

Zubaida ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ashana ta farko ta mutu a hannunta. Ta biyu ta kama, zaren ya ci da sauri, hayaƙi ya taso. Takarda. Babu ko shakka. Ta dubi tsohuwar da ta rasa ɗakinta a makon nan, ta ji kalmar "gashi" ta zo mata har bakin leɓe. Wa zai sani? Amma in ta faɗi haka, a ruwan sanyi za a wanke, lakar ba za ta fita ba, kuma ita Zubaida ce za ta riƙa ganin tabon.

"Hajiya," ta ce a hankali, "warin takarda ne."

Tsohuwar ta kai yatsa ta taɓa tokar. Laushi, kamar ta murhu. Can sai kafaɗunta suka soma girgiza, dariya ta ƙwace mata har da tari.

"Wayyo Alhaji! Mutumin da yake gane shekarun saniya daga tafiyarta, Balarabe ya yi masa wayo a kan shimfiɗa! Kin san a ƙirjinsa ya ɗauro ta har gida, wai kada a sace?"

Ta share ido da bakin mayafi, Zubaida ba ta tambaya ba ko hawayen na dariya ne.

"To me kike jira? Ɗauko sabulu, ki dirje ta da kyau."

Koriyar ta bushe a kan igiya, a rana tsaka, abin da ba a taɓa yi mata ba. Sauran suna naɗe a akwatin ƙarfe a ɗakin siminti na gaba, masu kawo gado kuma ba su daina sallama ba. Ita kuwa ba ta koma cikin zane ba. A kanta Hajiya ke salla yanzu, kuma in hadari ya taso takan matsa gefe ɗaya, ta bar wa Zubaida wurin zama.