Taransifomar da ke bayan ɗakin Mma Hawawu

Duk wanda ya san Nima, unguwar nan ta birnin Ankara da ke gangaren babbar kwata, ya san Mma Hawawu mai albasa. Kakanta ɗan sanda ne na zamanin Turawa, shi ya gina gidan da aka haife ta a ciki, kuma nan ta dawo da 'ya'yanta bayan rasuwar mijinta. Da safe tana kasuwar Malam Atta a gaban buhunanta, tana ciniki da Hausa da Twi da Ga, duk wanda ya fara zuwa bakinta. Amma in mace ta rasu a unguwa, ita ake aika wa. Wankan gawa gadonta ne daga uwarta, kuma abin da ta gani a jikin mamaciya ba ya fita daga bakinta.

Taransifomar kamfanin wuta tana manne da katangar ɗakinta tun 'ya'yanta na ƙanana. Gurnaninta ya zame mata jiki, har ya kai in an ɗauke wuta shirun ne ke damunta.

Ranar da ta ji ƙullutu a nononta na hagu, ba ta yi nauyin ƙafa ba, don ta wanke mata da dama da suka ɓoye irin wannan ciwo a ƙarƙashin zane har ya cinye su. Asibiti suka ce sankara ce. Aka yanke nonon, aka fara yi mata ƙarin ruwan maganin da ke zubar da gashi. 'Yarta Zuwera ce ke kai ta a tirotiro, motar haya ta cikin gari, ta dawo da ita a galabaice.

Cikin wannan hali Braimah, ɗan wanta kuma shugaban matasan layin, ya zo gaishe ta da waya a hannu. Ya ce ya karanta cewa na'urorin lantarki suna fitar da wani ƙarfin maganaɗisu da ido ba ya gani, wanda ke rage wani sinadari mai suna melatonin da jiki ke yi cikin duhu, kuma raguwarsa ke buɗe wa sankarar nono ƙofa. Ya nuna katanga da baki, ya ce ga mai laifin nan.

Maganar ta tsaya mata a rai, sai ta tambayi likitarta. Likitar ta ce lallai masana sun daɗe suna wannan zargi, sun yi ta bincike, amma har yanzu ba a tabbatar da shi ba. Abin da ta tabbatar kawai shi ne zuwa da wuri yana ceton rai. Mma Hawawu ta kawo wa Braimah amsar yadda take. Ya ɗauki rabin farko, ya bar mata sauran.

Wata Talata suna saukowa daga mota, tana fama da tashin zuciya, ta ɗaga kai ta ga kanta. An ɗauki hotonta na bikin Zuwera, an buga shi a ƙaton ƙyalle, an rataye a bakin layi. A ƙasa an rubuta sunanta, da ciwonta, da cewa taransifoma ta ci nonon uwarmu. Har ɓangaren da aka yanke sun ambata. Ta tsaya ta karanta har ƙarshe. Ita da ta shekara talatin tana rufa wa matattu asiri, yau an tone nata tana da rai, babu wanda ya ko tambaye ta. Cikin samarin da suka hau tsani suka ɗaura ƙyallen kuwa, babu ɗaya da ya taɓa riƙe mata jaka zuwa asibiti.

Abin da ya fi ƙona mata rai ya biyo baya. Akwai Safara'u, mai sayar da wake da shinkafa a can ƙarshen unguwa, wadda ta taɓa raɗa mata cewa ita ma tana jin wani abu a nono. Mma Hawawu ta lallashe ta har ta yarda za su je a duba. Da ƙyallen ya fito, sai Safara'u ta aiko cewa ta fasa, ai ita gidansu nesa yake da wayoyin wuta, nata maruru ne kawai.

Ranar da matasa suka kira taro a kan taransifomar, Mma Hawawu ta ɗaura ɗankwali a kan da babu gashi ta tafi, ba tare da an gayyace ta ba.

"Braimah, ɗana," ta ce, "ban ce na'urar nan ba ta da laifi ba, Allah ne masani. Ku ɗauke ta in kuna iyawa. Amma na wanke matan da ciwon nan ya kashe, waɗansu ko fitilar lantarki babu a ɗakunansu. Ku sauke fuskata, ku gaya wa iyayenku mata su je a duba su."

Aka tafa mata. Braimah ya ce wa jama'a su dubi jarumtar wannan uwa da taransifoma ta zalunta, ya sa aka kawo mata kujera da ruwa, aka ci gaba da taro kamar ba ta ce komai ba. Zuwera ce ta koma da almakashi ta yanke igiyar ƙyallen da hannunta.

Bayan watanni kamfani ya ɗauke na'urar. Ba nisa aka kai ta ba. An dasa ta a jikin ɗakin katako inda 'yan matan da ke dako a kasuwa suke kwana a cunkushe, waɗanda ba su da kowa a Ankara. A gurbinta kuma matasa suka kafa rumfar kallon ƙwallo. Mma Hawawu ta tare Braimah a hanya ta tambaye shi ko waɗancan yaran ba su da nono ne. Ya ce wannan kuma aikin kamfani ne. Tun daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa su, ita ma don zumunci.

Safara'u kuwa ba ta sami sakat ba. Mma Hawawu ta riƙa zuwa tana zama a kan bencin masu cin abincinta, ba ta saye, ba ta magana, sai kallo. Da abin ya ishi Safara'u, wata safiya ta rufe tukunya ta bi ta tashar mota. Likita ta ce sankarar ce, kuma ta riga ta taɓa hamata, amma akwai abin yi. Yanzu su biyu ke zama a layin asibiti, kuma duk sanda suka dawo ta gaban rumfar ƙwallon, Mma Hawawu takan ja tsaki yadda na ciki za su ji.